Ranar da Kaka Ta Dafa Irin Riɗinta

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora kasko tana soya riɗi, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni a zaune ina tsince wake. Ban san lokacin da na ajiye faifan ba. Ka gan ni yanzu, gwiwoyina ba sa kai ni bakin titi sai na huta sau biyu, amma ƙamshin nan yana shiga hancina sai na ji ƙafafuna suna son gudu, domin ranar da na fi gudu a duk rayuwata da wannan ƙamshin ta ƙare. Zauna in ba ka labarin, ko da yake ba labarin da zai ƙara mini daraja ba ne.

A Zuru aka haife ni, a wata 'yar unguwa gefen Rikoto, gidanmu yana jingine da gindin dutse. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, saura 'yan shekaru a ba ƙasar nan mulkin kai. Kusan kowane gida akwai tsohon soja, Babanmu ma yana cikinsu, ya dawo daga yaƙi da ɗingishi da kuma wata tsiyar son a yi komai a kan lokaci. Ni ina da shekara goma ko kusa da haka, ba wanda ya rubuta. A gida yarenmu muke yi, Hausa ta kasuwa ce, saboda haka duk maganar da za ka ji na sa a bakin mutanen gidanmu ni ce na mayar da ita Hausa.

A wurinmu saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara bakwai. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da ƙungiyar sa'o'insa yake zuwa, yau su yi gonar surukin wannan, jibi ta wancan. Gidan yarinya kuma su ciyar da su. Saurayin Yayata mutumin Dabai ne, dogo, ba ya da yawan magana, Yaya kuwa in an ambace shi sai ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ya yi damina shida yana zuwa gonarmu, wannan ita ce ta bakwai. A gidanmu kuma ranar noman shekarar ƙarshe yarinyar ce da kanta take yin miya, uwa ba ta kama mata ludayi, don mutanen miji su san hannun da za su ci.

To ga inda tsoron yake. Samarin golmo da ganga da waƙa suke noma, suna da mai ba su waƙa, su kuma su amsa. In abinci ya yi daɗi su yaba. In bai yi ba, nan take a gindin itace za su ɗinka wa mai girkin waƙa, kuma waƙar golmo ba ta mutuwa. Su kai ta gonar gaba, daga can ta shiga bakin mata a rafi, daga nan ta faɗo hannun yara. Akwai wata tsohuwar waƙa da muka taso muka tarar, ta wata amaryar kan dutse da miyarta ta yi tsululu har ta riƙa bin hannun samari tana gangarowa gwiwar hannu, wai har kwaɗi suka biyo ta gona suna neman a mayar musu da kududdufinsu. Ana yin ta ne ana ɗaga hannu sama ana ƙoƙarin lasar gwiwar hannu. Duk unguwarmu ba yarinyar da ta kai ni iya ta, har kukan kwaɗin nake yi. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk sanda na fara ta a tsakar gida sai Kaka ta tuna da wani aike, ta ce in je in duba awaki ko in ɗebo mata wuta a maƙwabta.

Kakar nan uwar Babanmu ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin harshe, ba ta zuwa gona mai nisa saboda ƙafa. Amma tana da ɗan fili a bayan gida da take shuka riɗi, kuma riɗin ba irin na kowa ba ne. Fari ne, ƙanana, mai yawan mai. Uwarta ce ta ba ta irin tun suna zaune a kan dutse, kafin mutane su sauko ƙasa. Kowace shekara in ta girbe, kafin kowa ya ɗanɗana sai ta ware mudu guda, ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta ɗura a gora, ta toshe bakin da totuwa, ta rataye a ƙuryar ɗakinta. Goran nan ko inuwarsa ba ma taɓawa. Na taɓa miƙa hannu sau ɗaya, har yau in na tuna sai na shafa kunnena.

Ranar ta faɗo lokacin noman farko, dawa ta kai idon sawu, ƙasa tana ƙamshin ruwan shekaranjiya. Wanda ya san ƙauye ya san wannan watan: ko'ina kore shar, amma rumbu ya yi ƙasa, busasshiyar kuɓewa ta ƙare a yawancin gidaje, sabuwa ba ta yi fure ba, gyaɗa duk tana cikin ƙasa. Inna ta daɗe tana ɓoyon garin kuɓewa a wani ɗan tulu saboda wannan rana, daidai na mutum goma sha biyu, domin ƙungiyar saurayin Yaya ba ta taɓa wuce haka ba. Baba ya yanka bunsuru tun da asuba. Tukunyar miyarmu ta yi kaɗan, sai aka aro ta dafa giya daga gidan ƙanen Baba, wata baƙar tukunya mai zurfi, cikinta kamar randa, bakinta kuma matsattse. Riƙe maganar bakin nan, shi ya ja mana duk abin da ya biyo baya.

Yaya ta tashi da sassafe. Ta wanke nama, ta daka daddawa da barkono, ta auna gishiri a tafin hannu tana lissafi da leɓe. Miya ta fara tafasa, ƙamshi ya cika gida, ni kuwa ina ta zagaye murhu kamar kaza har na ishe ta. Don ta rabu da ni sai ta ce in ruga gona in gano ko sun iso, in ƙirgo mata su. Ai kafin ta rufe baki na kai ƙofar gida.

Tun daga kan tudu na ji gangar ta fi ta kullum ƙarfi. Da na leƙa sai na ga gonarmu ta yi baƙi da mutane. Ashe saboda shekarar ƙarshe ce, wata ƙungiyar ta Dabai ta biyo abokinsu don su yi masa kara, ba su aiko ba, wai su ba Baba mamaki. Sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ba riga, garemani suna tashi tare suna sauka tare, ƙasa tana juyewa a bayansu. Na fara ƙirga, na kai ashirin, na kai talatin, suka motsa na rikice. Kai, daɗin da na ji! Ba gidan da aka taɓa yi wa irin wannan gayya a unguwarmu. Na juya da gudu, ƙaya ta soke ni ban tsaya cirewa ba, tun daga bakin rafi nake ihu cewa sun fi talatin.

Yaya na fara tararwa a bakin murhu. Ta dafe ƙirji, ta ɗauki ƙwarya ta zuba ruwa biyu a tukunya, ta ruga bayan ɗaki don ta ƙara niƙa garin tuwo. Ni kuma na wuce ɗakin Kaka na faɗa mata, na fita na faɗa wa matar ƙanen Baba, na faɗa wa duk wanda ya tsaya da wanda bai tsaya ba. Inna tana maƙwabta wajen aron akushi ta jiyo ihuna ta saman shinge. Ta shigo, ba kowa a bakin tukunya, ta ce yarinyar nan ta ruɗe ta manta da miya, ta zuba ƙwarya biyu, ta tura itace, ta koma neman ƙarin akusa. Can sai ga ni na dawo ina haki. Na ga tukunya ita kaɗai. Na ce a raina, wato duk gidan nan ba mai hankali sai ni, mutum talatin za su ci miyar mutum goma sha biyu? Akwai tulu a gefe da ruwa ya fi rabi. Na rungume shi, na ɗaga da ƙyar, na juye shi duka. Tururi ya rufe mini ido, bakin tukunya matsattse, ban ga inda ruwan ya kai ba. Na ajiye tulun ina jin kaina kamar na ceci gida.

Da tukunya ta sake tafasa Yaya ta zo kaɗa miya. Ta zuba garin kuɓewar nan da aka yi wata huɗu ana ɓoyo, ta sa maburgi ta burga, ta burga, har gumi ya jiƙa mata zane. Ta sa ludayi, bai ko nutse ba ya taɓa ruwa, a wuyan tukunya. Ta ɗago shi, sai ga wani ruwa ja-ja, da ƙwayar barkono ɗaya tana yawo a kai. Ta karkata ludayin, ya zuba tsululu kamar ruwan wankin tukunya. Ba ta yi kuka nan da nan ba, tsayawa ta yi tana kallon ludayin.

Kaka ta fito tana dogara sanda, ta karɓi ludayin, ta ɗiba, ta zubar, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaya wa ya ƙara ruwa. Yaya ta ce ita ce. Inna ta ce a'a, ita ce. Suka dubi juna. Ni kuma na dubi tulun da ke kife, kowa ya bi idona. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Inna ta ɗaga hannu, Kaka ta tare da sanda ta ce dukan ya jira, ba zai gudu ba, rana ce take gudu.

Gaskiya ne kuwa. Dokar Baba ce abinci ya isa gona sanda inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, kuma inuwar rumbu ta riga ta fara tsukewa. In iska ta juyo muna jin gangar daga gona, mun kuma san in ta yi shiru, to sun ajiye garemani suna jiran abinci.

Kowa ya kawo dabararsa. Yaya ta ce a ƙara wuta ruwan ya ƙone, Kaka ta ce da wannan bakin tukunyar sai dai su ci da la'asar. Inna ta ce a kwashe rabin ruwan a zubar, Kaka ta ce ai daɗin bunsurun da gishirin da daddawar duk suna cikin ruwan, in an zubar me ya rage, kuma ina wani gishirin. Inna ta ce to a dama garin dawa a zuba. Nan Kaka ta yi tsaki ta ce waɗannan manoman dawa ne, loma ɗaya za su gane, su ce an ba su tuwo da kunu, waƙar ma ta fi muni. Aka ce in ruga maƙwabta. Na shiga gida shida, ina shiga ina haki ina roƙo, matan suna juye mini tulunansu in gani da idona. Abin da na samo bai wuce tafin hannu ɗaya na kuka ba. Na tsinko lalo a bayan shinge, shi ma bai yi girma ba. Aka zuba duka. Miyar ta ɗan yi yauƙi, amma yauƙi daban, kauri daban, har yanzu in ka ɗaga ludayi bin sa take yi tana tsiyaya.

Sai a lokacin Yaya ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ba auren take tsoron ya fasa ba, mutumin da ya yi shekara bakwai yana noma ba zai gudu saboda miya ba. Abin da take gani shi ne za ta shiga Dabai amarya waƙa ta riga ta isa, duk rafin da ta je mata su yi shiru su fara murmushi, 'ya'yan da za ta haifa su taso su ji ana yi. Ni kuma da bakina da ba ya da linzami, cikin kuka na ce shi ke nan, za su yi mata irin ta amaryar kan dutse, har na ɗaga hannu ina nuna gwiwar hannuna.

Kaka ta kama hannun nan nawa ta sauke shi a hankali. Ba ta murɗe ba, ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ba ni tsoro.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "kin san wace ce amaryar kan dutse?"

Na girgiza kai.

"Ni ce. Ban fi yayarki ba aka yi mini ita. Waɗanda suka yi ta duk sun mutu, kakanku ma da ya aure ni ya mutu, ita tana nan. Kullum a tsakar gidana nake jin ta, a bakin jikata."

Inna ta sunkuyar da kai, ashe ita ta sani, manya duk sun sani. Ni kuwa ji na yi kamar an zuba mini ruwan tulun nan a ka. Duk aiken duba awaki da ɗebo wuta suka dawo mini lokaci ɗaya. Kaka ba ta jira in ce komai ba, ta juya ta shiga ɗakinta, muka ji ƙarar sanda tana zungurar wani abu a sama. Ta fito rungume da goran.

Inna ta tare ta a bakin ƙofa. "Iya, wannan iri ne fa. Saura kwana ashirin shuka."

"Na san iri ne, ni na toshe bakin goran. Kawo faifai."

Daga nan kuma sai gidan ya zama kamar an kunna masa wuta. Kaka ta zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife tana ba da umarni kamar Baba a fareti. Inna ta juye riɗin a faifai tana bakace, toka tana tashi tana rufe mata gira. Ni na hura wuta a murhu na biyu har idona ya yi ja, na ɗora kasko. Kaka ta ce soyawa sama-sama, da ya fara tsalle a sauke, in ya ƙone zai yi ɗaci. Riɗin ya fara ƙara, tas, tas, yana tsalle yana faɗowa a ƙafata, ƙamshin nan ya tashi, wanda ya tsallako mini katanga jiya. Kafin a juye a turmi Inna ta saci ido ta dumbuzi hannu ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta. Kaka ta gani, ta kau da kai.

Yaya ta share hawaye ta kama taɓarya, Inna ta kama ɗaya, suna lugude, ni ina tura abin da ya hau gefe da ɗan ludayi ina janye hannu kafin taɓarya ta sauko. Riɗin ya zama gari, garin ya fara haɗewa, ya fara naso, mai yana ƙyalli a jikin turmi. Ina ta tsalle ina cewa ya yi, ya yi, Kaka tana cewa bai yi ba, a ci gaba. Da ya yi laushi har yana kama taɓarya, sai ta hana a zuba shi kai tsaye, ta ce zai yi gudaji. Ta sa Yaya ta ɗebo ruwan miyar mai zafi a babbar ƙwarya, ta dama riɗin a ciki da hannunta har ya zama kamar koko mai kauri, sannan ta riƙa tsiyaya shi a tukunya kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya. Kaka ta ce Yaya kaɗai za ta juya, miyarta ce.

Muka kewaye tukunya muna jira. Tafasar ta canja murya, ta bar ƙarar ruwa ta koma wani ɓul, ɓul mai nauyi. Launin ya tashi daga ja-ja ya koma kamar ƙasar gona. Kaka ta ce a gutsuro mata tuwo. Ta dangwala, ta ɗaga hannu sama, muka zuba ido. Miyar ta tsaya, ta tsaya, sannan wani siririn layi ya sulalo ya bi tafin hannunta ya kai wuyan hannu. A daidai lokacin gangar gona ta yi shiru.

Kaka ta miƙa wa Inna hannu ba tare da ta dube ta ba. Inna ta ce, "Iya, ko wannan kaɗai a bari." Kaka ba ta janye hannun ba. Inna ta kwance bakin zane tana hawaye. Aka soya, aka daka, aka dama, aka zuba, duk cikin abin da bai fi a sha ruwa a huta ba. Kaka ta sake dangwala tuwo ta ɗaga. Wannan karon miyar ta zauna a kan lomar ba ta motsa ba. Ta sa a baki, ta tauna, ta ce a ɗauka.

Yadda muka isa gona ban sani ba. Mata biyar ɗauke da akusan tuwo, Yaya a gaba da miya a babbar ƙwarya, ni a baya da tulun ruwan sha ina gudu ina tsayawa. Mun tarar Baba yana duban inuwarsa yana duban hanya. Samarin sun zauna a gindin ɗorawa, jikinsu duk ƙasa da gumi, saurayin Yaya yana gefe ya ƙi ɗaga kai. Aka rarraba akusa, aka zuba miya. Ba wanda ya sa hannu, suna jiran mai ba da waƙa, wani gajere mai wushirya da idonsa kaɗai ya isa ya sa ka tsargu.

Ya wanke hannu, ya yanko loma, ya dangwala sosai, ya miƙe tsaye ya ɗaga hannun sama yadda kowa zai gani. Ya riƙe. Na ji Yaya ta kama kafaɗata har farcenta ya shiga. Ya juya hannun dama, ya juya hagu, har ya ɗan girgiza shi, ɗan banza. Ko ɗigo. Ya jefa lomar a baki, ya lumshe ido, samari suka kwashe da sowa, hannuwa talatin suka faɗa akusa. Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na yi ta tsalle har na kusa fasa tulun.

Ana cikin ci sai na ga saurayin Yaya ya daina tauna. Ya dubi miyar, ya shinshina, ya ce a hankali, "Riɗi ne." Wanda ke kusa da shi ya ce to sai me. Saurayin Yaya ya ce, "A wannan watan wa yake da riɗin ci? Wannan iri ne." Maganar ta bi layi, hannuwa suka tsaya. Manoma ne, ba sai an yi musu bayani ba. Baba ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa, ya gane goran uwarsa ne. Mai ba da waƙa ya tambaya irin wa aka dafa musu, ni da ba a tambaya ba na ce na Kaka ne, duka, har wanda Inna ta ɓoye, kuma ni ce na zuba ruwan. Aka yi dariya, amma ba irin wadda nake tsoro ba.

Sun cinye tas, har suna suɗe akushi. Da suka koma bakin aiki gangar ta tashi, mai wushiryar nan ya ɗaga murya da sabuwar waƙa, ta tsohuwar gindin dutse da ta dafa wa baƙi irin shukarta don kada a yi wa jikarta dariya. Samari talatin suka amsa, garemani suna sauka a kan amshin. Na ajiye tulu na kwasa da gudu, gudu na uku a rana ɗaya, na iske Kaka zaune da goran a cinya, ba komai a ciki. Na rera mata abin da na riƙe ina haki. Ta saurara har na gama, ta ce muryata ba daɗi, in je in wanke kasko. Amma da na waiwayo na ga tana goge ido da bakin zane.

Bayan kwana uku saurayin Yaya ya zo gaishe da Kaka, ya ajiye mata ɗan ƙulli a ganye, irin riɗin uwarsa. Washegari wani ya zo, jibi wasu biyu. Kafin ranar shuka kusan duk wanda ya ci miyar nan ya kawo abin da uwarsa ta iya ragewa, wani cikin tafin hannu, wani bai kai ba. Goran ya cika har ya yi saura. Da damina ta wuce aka girbe filin bayan gida, riɗin ya fito gauraye, fari da ja da baƙi. Kaka ta soya kaɗan ta tauna, ta daɗe tana taunawa, ta ce ba shi ba ne. An nemi irin nata a gidajen danginta ba a samu ba, ashe ita kaɗai ta rage da shi. Ta ware mudu guda daga gaurayen, ta cakuɗa da toka, ta toshe goran ta rataye a inda yake.

Yaya ta tare a Dabai bayan girbi, ta yi shekara hamsin da wani abu a can, ba wanda ya taɓa ɗaga mata gwiwar hannu a rafi. Dukan da aka ce ya jira ni har yau yana jira.

Yanzu jikata in miya ta tsinke mata sai ta buɗe gwangwanin tumatir ko ta barbaɗa fulawa, kafin ka juya ta gyara, ba wanda zai sani balle ya yi mata waƙa. Ban ce ba daɗi ba, na ci na ƙoshi. Samari ma yawanci sun bar golmo, gangar gona sai jefi-jefi. Waƙar da aka yi wa Kaka ta biyu ta yi 'yan shekaru ana yi sannan ta ɓace, ta farkon ce ta fi daɗewa, amma ita ma sa'o'ina da suka iya ta duk sun tafi. Na bincika, ni kaɗai na rage da ita, har da kukan kwaɗin. Jikokina sun sha roƙona in rera musu ko sau ɗaya su ɗauka a waya. Nakan ce su je su duba mini awaki.